Daga Kati Zuwa Kwamfuta: Wa Ke Da Ikon Buɗe Fayil Ɗinki Na Asibiti?



Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki a asibitin gwamnati ta san ɗakin kati. Ki yi sammako, ki bi layi, ki miƙa ɗan ƙaramin katinki ta taga, ma'aikaci ya shige tsakanin kantocin da aka jibge fayil-fayil har rufi, ya jima a ciki, sannan ya fito ya ce miki ba a ga naki ba, sai dai a buɗe sabo. Da wannan magana guda an shafe tarihin shekara da shekaru: cikin da kika yi jijjiga, ƙarin jinin da aka yi miki a haihuwar fari, da allurar nan da ta taɓa sa jikinki ya yi ruɗu-ruɗu. Likitan da zai duba ki a ranar ba shi da abin dogaro sai abin da kika iya tunawa, ke kuwa ga ciwo, ga gajiyar layi.

Yanzu abin ya fara sauyawa. A manyan asibitocin koyarwa da wasu asibitocin kuɗi, lamba kawai za ki faɗa, likita ya danna kwamfuta, tarihinki ya bayyana a gabansa. Sakamakon gwajin jini yana isa gare shi tun kafin ki dawo daga ɗakin gwaji, mai ba da magani kuma ya daina fama da karanta rubutun likita. Babu shakka wannan ci gaba ne. Sai dai kuma akwai tambayar da ya kamata kowace mace ta yi wa kanta: fayil ɗin takarda mutum ɗaya ne ke iya riƙe shi a lokaci guda, kuma sai ya je inda yake, amma wanda ke cikin kwamfuta mutum ɗari za su iya buɗe shi a tare, a kuma kwafe shi cikin ƙiftawar ido. To wane ne aka yarje wa ya buɗe naki, wane ne kuma aka hana? Amsar wannan tambaya tana hannun dokar da gwamnati ta kafa, shi ya sa ya kamata ki san ta.

Me ke cikin fayil ɗin?

Ki ɗan yi tunanin abin da kika taɓa gaya wa likita ko ungozoma wanda ko mahaifiyarki ba ta sani ba. Yawan cikin da kika yi da wanda ya zube, maganin tazarar haihuwa da kike sha, matsalar da ke tsakaninki da maigida wadda ta sa kuka je neman haihuwa, damuwar da ta hana ki barci bayan kin haihu, sakamakon gwajin ciwon hanta ko na cuta mai karya garkuwar jiki. Ga sunanki, ga unguwarku, ga lambar wayarki, ga sunan wanda za a kira idan ta ɓaci. Duk waɗannan suna wuri guda.

Idan wannan bayani ya isa hannun likitan da ya karɓe ki cikin dare kina zubar da jini ba ki san inda kanki yake ba, zai iya zama sanadin tsira da ranki, domin zai san rukunin jininki da magungunan da jikinki ba ya karɓa. Idan kuwa ya faɗa hannun wanda ba ya ƙaunarki, zai iya kashe aure, ya hana 'yarki miji, ko ya raba ki da aikinki. Bayani ɗaya ne, amma ya danganta da hannun da ya shiga. Aikin doka shi ne ta buɗe ƙofa ga na farko ta rufe ta ga na biyu, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kamar yadda ƙasashen da suka riga mu shiga harkar suka gani.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A Amurka, tun 1996 aka kafa dokar da ake kira HIPAA, wadda a ƙarƙashinta aka tsara wanda ya halatta ya ga bayanan majiyyaci. Duk da haka, har zuwa 2008 asibitocin da suka koma rubuta bayanai a kwamfuta ba su kai ɗaya cikin goma ba, domin abin yana cin kuɗi. A 2009 sai gwamnatin Barack Obama ta kawo wata doka da ta ware biliyoyin daloli a matsayin tukwici ga asibitoci da likitocin da suka koma kwamfuta, tare da rage kuɗin da gwamnati ke biyan waɗanda suka ƙi. Zuwa 2021, asibitoci 96 cikin 100 sun koma.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Kowane asibiti ya sayi manhajarsa daga kamfanin da ya ga dama, kuma manhajar wannan ba ta karanta rubutun waccan. Wasu ma da gangan suke riƙe bayanan don kada majiyyaci ya koma wani wurin. Sai da majalisarsu ta sake yin wata doka a 2016 da ta haramta toshe bayanan majiyyaci ba tare da dalili ba. Darasin a nan shi ne, sayen kwamfuta kaɗai ba ya sa asibitoci su yi magana da juna, sai gwamnati ta tilasta musu bin tsari guda.

A Istoniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a Turai mai mutane kimanin miliyan 1.3, tun 2008 suka haɗa bayanan lafiyar 'yan ƙasa a tsari ɗaya. Abin sha'awa a nasu shi ne, duk ma'aikacin da ya buɗe fayil ɗin mutum sai na'ura ta rubuta sunansa da lokacin da ya buɗe, kuma mai fayil ɗin yana iya dubawa da kansa ya ga waɗanda suka leƙa. Wanda ya san za a ga sawunsa ba zai yi gigin leƙa fayil ɗin maƙwabciyarsa don gulma ba.

Finlan kuwa ta ga ɗaya fuskar. A 2020 aka gano cewa wani ɗan kutse ya shiga kwamfutar wani kamfani mai suna Vastaamo, mai kula da masu fama da damuwa da matsalolin ƙwaƙwalwa, ya kwashe bayanan mutane kusan 33,000, har da abin da suka faɗa wa likitocinsu a asirce. Da kamfanin ya ƙi biyan kuɗin fansa, sai ya riƙa aika wa majiyyatan saƙo ɗaya bayan ɗaya cewa su biya shi ko ya watsa sirrinsu a intanet. Kamfanin ya durƙushe a 2021, a 2024 kuma kotu ta yanke wa mutumin ɗaurin sama da shekara 6, amma sirrin da ya fita ya riga ya fita. Bincike ya nuna kamfanin bai tsare kwamfutarsa yadda ya kamata ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Mata da yawa ba su san cewa muna da doka a kan wannan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye bayanan duk wanda ya duba. Sashe na 26 ya ce duk wani bayani game da lafiyarki, da maganin da aka yi miki, har ma da cewa kin kwanta a asibitin, sirri ne. Ba a yarda kowa ya fitar da shi ba sai ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyar:

Na ɗaya, idan ke da kanki kika amince a rubuce. Na biyu, idan kotu ta ba da umarni ko wata doka ta buƙaci haka. Na uku, idan majiyyacin yaro ne, iyayensa ko mai riƙonsa suka nema. Na huɗu, idan majiyyaci yana cikin halin da ba zai iya ba da izini ba, kamar wanda ya suma, wakilinsa ya nema. Na biyar, idan ɓoye bayanin zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Dokar ta yarda ma'aikacin lafiya ya nuna bayananki ga wani ma'aikacin idan aikin kula da ke ya buƙaci haka, misali likita ya tura ki wajen mai tiyata. Amma ta ɗora wa shugaban asibiti alhakin kafa matakan da za su hana wanda ba shi da hurumi kaiwa ga fayil. Sashe na 29 ya ce wanda ya shiga bayanan majiyyaci ba da izini ba, ko ya kwafa, ko ya canja, ko ya lalata, zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun. Ke nan ma'aikaciyar da ta ɗauki hoton sakamakon gwajinki da wayarta ta tura wa ƙawarta laifi ta aikata a gaban doka.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wata dokar, ta kare bayanan mutane, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Wannan doka ta sa bayanin lafiya cikin jerin bayanai masu tsananin muhimmanci da ba a taɓa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ta ba ki damar ki tambayi duk wanda ke riƙe da bayananki abin da ya ajiye a kanki da waɗanda ya ba, ki nemi kwafi, ki sa a gyara idan an yi kuskure, ki kuma janye izinin da kika bayar a baya. Idan aka yi kutse aka saci bayanai ta yadda za a iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72, idan haɗarin babba ne kuma a sanar da masu bayanan su kansu. Manyan cibiyoyin da suka karya dokar ana iya cin tararsu har Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. 'Yan'uwanmu da ke Ghana suna da irin wannan doka tun 2012, Nijar kuma ta kafa tata a 2017.

Maigida, dangi da gwajin aure

A nan ne maganar ta shigo cikin gida. Idan kika duba hanyoyi biyar ɗin nan, za ki ga babu uwar miji a ciki, babu abokiyar zama, babu yayar maigida da ke aiki a asibitin, babu shugabanki na wajen aiki. Zumunci ko sanayya ba su ba kowa ikon buɗe fayil ɗinki ba. Shi kansa maigida, matuƙar kina cikin hayyacinki, hanyar da aka shimfiɗa ita ce ya ji daga bakinki ko da amincewarki. Shawara da miji a kan lafiya abu ne mai kyau, kuma yawancin matsaloli sun fi saurin warwarewa idan kun shiga wajen likita tare. Abin da doka ta yi shi ne ta bar makullin a hannunki.

Sai dai a yi hattara, riƙe sirri bai zama hujjar ɓoye wa abokin zama cutar da zai iya ɗauka ba. Wannan haƙƙi ne a kan miji kamar yadda yake a kan mata, kuma ma'aikatan lafiya sun san yadda ake zaunar da ma'aurata a faɗa musu cikin hikima.

Haka nan batun gwajin kafin aure. A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure yin gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta da kuma nau'in jini don kauce wa haihuwar 'ya'ya masu sikila. Manufar mai kyau ce. Amma ke uwa ki sani, takardar sakamakon nan bayanin lafiya ce kamar kowace. Idan aka samu matsala aka fasa aure, ba daidai ba ne hotonta ya riƙa yawo a zauren WhatsApp na dangi ko na ƙawayen amarya. 'Yar wani ce ko ɗan wani, kuma magana zarar bunu ce. Yadda ba za ki so a yi wa taki ba, kada ki bari a yi wa ta wani daga wayarki.

Bayanan da ke fita daga asibiti

Kada ki ɗauka duk fitar bayani cuta ce. A kowane ƙarshen wata asibitoci suna tura wa hukumomin lafiya alƙaluma: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu, yara nawa aka yi wa rigakafi. Waɗannan lissafi ne kawai, babu suna a ciki, kuma da su ake sanin inda za a kai magani da ma'aikata.

Akwai kuma cututtukan da wajibi ne a kai rahotonsu da gaggawa, irin su kwalara, sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin Lassa da mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. A irin wannan hali jami'an lafiya sukan buƙaci suna da unguwa domin su bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da marar lafiya. Da irin wannan bin sawu aka shawo kan Ebola lokacin da ta shigo Legas a 2014. Idan jami'ai suka zo gidanki a kan haka, ki ba su haɗin kai, domin yaran maƙwabta da naki ake karewa.

Idan kina cikin tsarin inshorar lafiya, wanda dokar 2022 ta wajabta wa 'yan Nijeriya, asibiti yana tura wa masu inshorar bayanin ciwon da aka duba da maganin da aka ba ki kafin a biya shi. Su ma dokar 2023 ta hau kansu, ba su da ikon amfani da bayanin don wata manufa dabam. Game da bincike da koyar da ɗalibai kuwa, dokar 2014 ta ce idan za a yi amfani da fayil ɗinki da sunanki a jiki, sai an sami izininki da na shugaban asibiti da na kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike. Idan an cire duk abin da zai sa a gane ki, ba a buƙatar wannan izini.

Wayar da ke hannunki

Wata ƙofar kuma mu da kanmu muke buɗe ta. Mata da yawa yanzu suna sauke manhajar lissafin al'ada ko ta bibiyar juna biyu, su rubuta mata abin da ba za su iya faɗa wa kowa ba. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta tuhumi kamfanin wata irin wannan manhaja mai suna Flo da miƙa bayanan mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google, bayan ya yi musu alkawarin riƙe sirri. Kamfanin da ke wata ƙasa mai nisa yana da wuyar kamawa idan ya ci amanarki. Haka kuma masu tallar maganin mata a intanet da ke cewa ki turo hoton sakamakon gwajinki ko na jikinki: ba ki san ko wane ne a bayan lambar ba, ba ki kuma san inda hoton zai kwana ba.

Abin da ya rage gare ki

Doka a takarda take, ba ta aiki sai an motsa ta. Har yanzu asibitoci da dama a ƙauyuka da birane da takarda suke aiki, waɗanda suka koma kwamfuta ma ba lallai ne ta wannan ta karanta ta wancan ba, ga ɗaukewar wuta da ta sabis. Don haka ga wasu shawarwari.

Ki riƙe lambar asibitinki da ta kowane yaro a rubuce a wuri guda, ki kuma adana katin awo da katin rigakafi ko da an ce komai yana kwamfuta. Ki sami ɗan littafi ki rubuta rukunin jininki, magungunan da kike sha kullum, waɗanda ba sa karɓar ki, da duk tiyatar da aka taɓa yi miki. Idan za a sallame ki ko za ki koma wani gari, ki nemi a rubuta miki taƙaitaccen bayanin jinyarki.

Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan takardar da ba ki fahimta ba. Ki ce a karanta miki a kuma fassara da Hausa, ki tambaya wa za a ba bayanin kuma don me. Matambayi ba ya ɓata. Ki lura da lambar wayar da kike bayarwa, domin ta nan saƙon sakamako zai iya shigowa, idan kuwa wayar ta gida ce kowa na iya karantawa. Kada ki ara wa wata katinki ta ga likita da sunanki, domin ciwonta da rukunin jininta za su shiga fayil ɗinki, wata rana a yi miki magani da bayanin da ba naki ba.

Idan kika ga kuskure a fayil ɗinki, ki nemi a gyara. Idan kuma kika tabbatar wani ma'aikaci ya fitar da sirrinki, ki fara kai ƙorafi a rubuce ga shugaban asibitin, ki riƙe kwafi. In ba a share miki hawaye ba, kina iya kaiwa ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, ko majalisar da ke ba likitoci lasisi, ko ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Ke kuma 'yar'uwa da Allah Ya sa kike aiki a asibiti, ki tuna abin da ke gabanki amana ce, kada ki ba abokiyar aiki lambar sirrinki ta shiga kwamfuta, domin duk abin da aka yi da ita sunanki zai fito.

Abu na ƙarshe, kada tsoron tonon asiri ya sa ki ɓoye wa likita gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Macen da ta ɓoye cewa an taɓa yi mata tiyatar haihuwa, ko ta ƙi faɗin maganin gargajiyar da ta sha, kanta take jefawa cikin haɗari ita da abin da ke cikinta. Ki faɗa masa komai, sannan ki san cewa doka ta wajabta masa ya riƙe miki.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sauki masu juna biyu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.